Tsinkar ganyen daji a ƙasar Damagum: na ci, na kallo, da na gudu

Ruwan shuka kan sauka a ƙasar Fune cikin watan Yuni, wata shekarar ya ja ƙafa har ƙarshen watan. Da ya zauna da mako biyu ko uku, gefen titin da ya taso daga Potiskum ya ratsa Damagum da Ngelzarma ya nufi Damaturu sai ya yi kore shar. Fasinjan da ke cikin mota ciyawa kawai yake gani. Matar da ta tashi a ƙauyukan wannan yanki kuwa, da kallo ɗaya za ta ware maka tafasa da lalo da karkashi da gasaya, ta nuna maka rai-ɗore da zaƙami da duman rafi ta ce waɗannan ba a kai su bakin murhu. A hannun uwa da kaka ta koya, tana biye da su da ƙwarya a ka tun ba ta kai shekara goma ba.

Ganyen nan yana fitowa ne daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wato Yuli da Agusta, gero bai nuna ba, kwanon hatsi ya yi tsada a kasuwa. Tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san abin da tafasa da yaɗiya da 'ya'yan aduwa suka yi wa gidaje. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya yi shekaru yana bibiyar ƙauyukan arewacin Najeriya tun daga farin 1973, kuma littafin da ya fitar a 1989 ya nuna cewa abincin daji na cikin abubuwan da suka riƙe mutane. A yunwar Nijar ta 2005 ma, 'ya'yan anza da ake jiƙawa kwanaki ana sauya musu ruwa har ɗacin ya fita su ne abincin ƙauyuka da dama.

Abin da ya sa na ga ya kamata a rubuta wannan ilimi shi ne abu biyu sun sauya. Yaran da ke tasowa cikin gari ba sa bin iyayensu mata daji, ga kuma maganin feshi da ya shiga kusan kowace gona. Ganyen da kakanninmu suka tsinka ba tare da wani tunani ba, yau sai an tambayi inda ya tsiro.

Wuri kafin ganye

Tafasar da ta fi kowace ƙiba da kore ita ce ta bakin kwalta, saboda ruwan da ke gangarowa daga titi a nan yake kwanciya. Ita ce kuma ya kamata a bari. Tireloli na wucewa dare da rana da shanun kasuwar Potiskum, ga hayaƙi, ga ƙura, ga baƙin mai da ke ɗiga, ga matafiya da ke tsayawa kama ruwa. Ka bar bakin titi da aƙalla taku hamsin kafin ka sunkuya. Haka juji, da bayan gari inda ake zagayawa, da kwatar da ruwan unguwa ke bi. Gasaya da alayyafon daji suna son irin waɗannan wurare, suna yin kyau sosai a can, amma ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin gudawa suna manne a jikinsu.

Batun feshi ya fi wannan wuyar ganewa. Maganin ciyawa iri biyu ne aka fi yawan amfani da su wajen share gona. Mai sinadarin farakwat yana ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, ka ga ciyawar ta yi ja ta bushe. Mai sinadarin gilaifoset kuwa a hankali yake aiki, ciyawar kan kai kusan mako tana kore kafin ta fara yin rawaya. A cikin wannan mako babu abin da ido zai gani. Gonar wake kuma ana yi mata feshin ƙwari sau da yawa daga fure zuwa nuna, duk lalon da ke cikin kunyoyinta ya sha maganin tare da waken. Saboda haka kafin a shiga gonar wani, a nemi mai ita. A yi masa sannu da aiki, a ce, "Baba, an yi feshi a nan kwanan nan?" Tambayar ta haɗa neman izini da kare lafiya. In ba a same shi ba, a wuce. Wuraren da suka fi kwanciyar hankali su ne saura da aka bari ta huta, da gefen burtali, da inuwar kuka ko tsamiya da ba a nomawa, da bakin fadama nesa da gonar shinkafa.

A fita da hantsi, bayan raɓa ta ɗaga. Jiƙaƙƙen ganye yana saurin ɗaukar zafi ya lalace. A ɗauki ƙwarya ko kwando, ban da leda, don leda na dafa ganye tun kafin a iso gida. A sa takalmi rufaffe, a riƙe sanda ana bugun ciyawa kafin a zura hannu. Kububuwa ba ta gudu in ta ji motsi, kwanciyarta take yi, launinta kuma ya saje da ƙasa. In tsautsayi ya afka, kada a ɗaure wurin tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A hana ƙafar motsi a nufi asibiti, domin allurar kashe dafi ce maganin, kuma a wannan shiyya asibitin Kaltungo da ke Jihar Gombe ya yi suna wajen saran maciji. Kada yarinya ta fita ita kaɗai, kada kuma a yi nisa da gari ba tare da an ji daga manya cewa wannan sashen dajin lafiya yake ba.

Tafasa da maƙwabcinta

Tafasa ce uwar ganyen damina, Fulani na ce mata tasba. Gane ta ba wuya in an san abin da za a ƙirga. Kowane reshen ganyenta yana ɗauke da ƙananan ganye shida, uku daura da uku, kowanne ya fi faɗi a ƙarshe, bakinsa a zagaye. Da yamma suna rufewa su manne da juna. Furenta rawaya ne, kwansonta siriri ne dogo mai lanƙwasa.

Rai-ɗore, wanda wasu ke ce wa sanga-sanga, yana tsirowa a wuri ɗaya da ita, furensa ma rawaya ne, kuma suna ƙanana suna iya rikita wanda bai saba ba. Ƙananan ganyensa sun fi shida, sau da yawa takwas ko goma, kuma bakinsu tsini ne. Karansa yana da ja-ja, kwansonsa a baje yake. Tsofaffi ba sa tsayawa ƙirga. Za ka ji tsohuwa ta ce wa jikarta, "Ke 'yar nan, murza ki sunsuna." Tafasa tana da ɗan ƙarni na ɗanyen ganye, rai-ɗore kuwa wari ne mai hawa kai wanda ke daɗewa a yatsa. Duk wanda ya sunsuna su biyun a jere sau ɗaya ba zai ƙara haɗa su ba. Na san masu maganin gargajiya suna aiki da rai-ɗore, wannan fagensu ne. A tukunyar gida dai a bar shi, musamman 'ya'yansa. A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya likitoci sun yi shekaru suna ganin ƙananan yara na mutuwa bayan damina da wata cuta mai kama hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa, har binciken da aka wallafa a 2007 ya danganta ta da cin ɗanyun 'ya'yan wannan tsiro. In ya fito a bayan gida inda yara ke wasa, a tumɓuke shi kafin ya yi kwanso.

Ita tafasa tun tana ƙarama ake cinta, daga ta kai taƙi guda zuwa ta kusa gwiwa, kafin fure. Da ta yi fure ganyen ya yi tauri, ɗaci ya ƙaru. Kan tohon ake tsinkewa da farce, wajen tsawon yatsa, a bar gindin. Cikin mako biyu zai fitar da rassa biyu ko uku, a dawo a sake tsinka. Wadda ta tumɓuke ta ci sau ɗaya ke nan, ta kuma kwaso yashi cikin ƙwaryarta.

A gida a fige ganyen daga kara, a wanke a ruwa mai yawa sau uku, ana tsamo ganyen daga sama a bar yashin ya kwanta a ƙasa. A zuba a tafasasshen ruwa, ya dahu har ya murzu tsakanin yatsu biyu. Masu son ya yi saurin laushi suna jefa 'yar kanwa, amma in ta yi yawa ganyen ya caɓe ya yi baƙi. Ruwan farko a zubar da shi, a ɗauraye da ruwan sanyi, a matse da hannu biyu har ya daina ɗiga. Daga nan in kwaɗo ake so, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa da tumatir, a ɗiga man gyaɗa a cuɗe. In dambu ne, a haɗa da tsakin masara ko na gero a turara. Zubar da ruwan farkon nan yana da dalili: tafasa dangin filasko ce, tana da sinadarin da ke sakin ciki, wanda ya ci da yawa ko ya ci wadda ba a matse ba zai kwana yana zarya. Yaro ƙarami a ba shi kaɗan.

Mutanen Darfur a Sudan sun kai ta wani matsayi da mu ba mu kai ta ba. Suna daka ɗanyen ganyen su cusa a tulu, su binne a ƙasa kimanin mako biyu ya ruɓa, sannan su dunƙula su shanya. Kawal suke ce masa, yana yi musu aikin daddawa a miya, har ya tsaya a madadin nama a gidan da babu.

Yaɗiya, karkashi da sauransu

Yaɗiya ta bambanta da sauran don ba ta jiran ruwa. Saiwarta na da zurfi, shi ya sa a tsakiyar bazara, lokacin da komai ya bushe, za ka gan ta kore ta hau kan sabara ko magarya ko ta shimfiɗu a kan yashi. Tohon ƙarshen reshe da ƙananan furanninta ake tsinka, a dafa a zubar da ruwan, a yi kwaɗo ko dambu. Abin kiyayewa a nan ita ce fatakka, wadda ita ma yaɗo take yi a irin wuraren. A karya reshe a duba. Ruwan yaɗiya garai-garai yake fita, na fatakka kuwa fari ne fat mai kauri. Ganyen fatakka yana da gashi-gashi da faɗi a gindi, kwansonta yana da ƙananan ƙayoyi masu taushi. Majema ne ke aiki da ita wajen cire gashin fata, kuma tana da guba mai taɓa zuciya. Abin da ke tuge gashi daga fatar akuya ba shi da gurbi a cikin ɗan Adam.

Karkashi, gubuɗo a Fulatanci, yana son jigawa mai yashi, yakan kwanta a ƙasa ko ya ɗan miƙe. Furensa ruwan hoda ne mai tsawo, ƙirar furen riɗi, don dangi ɗaya suke. In ana shakka a murza ganye ɗaya da ɗigon ruwa a tafin hannu, nan take zai yi yauƙi. Ana miyarsa ɗanye, amma an fi shanya shi a daka. Mai miya ta fara haɗa ruwanta da daddawa da kayan yaji da busasshen kifi ko nama, ta jefa 'yar kanwa, sannan ta barbaɗa garin tana kaɗawa da maburgi, ta bar tukunyar a buɗe. In aka rufe, ta yi kumfa ta zube, yauƙin kuma ya tsinke. Duk wanda ya ci burabusko da wannan miya a gidajen Yobe da Borno ya san dalilin da ya sa mata ke cika buhu da shi kafin rani. Da ruwan ganyen ne kuma mata ke wanke gashi ya yi laushi.

Lalo yana da alamar da ba ta ɓata: a gindin kowane ganye, inda ya haɗu da kara, akwai 'yan siraran gashi guda biyu da suka juya baya. Ganyen dogo ne mai zara-zaran baki, furen ɗan mitsitsi ne rawaya. Gasaya kuwa ganyenta yatsu biyar ne a kan kara ɗaya, jikinta na da danƙo da ƙamshi mai ƙarfi, furenta fari mai dogayen zaruruwa. Tana fitowa a tsohon masheƙarin shanu. Ɗacinta ya fi na tafasa, don haka wasu sukan sauya mata ruwa sau biyu, ko su haɗa ta da alayyafon daji, wanda ake ce wa rukuɓu ko zaƙi-banza. Rama da yakuwa an fi shuka su a gefen gona, ko da sun yi kama da na Allah-ba-ku to suna da mai su, a tambaya. Garafuni mai hawa kan darni da 'ya'yansa masu fashewa su yi ja, ɗacinsa ya sa aka fi ɗaukarsa magani, kuma mai ciki ta nisance shi.

Suna yana iya yaudara. Tun a 1916 da J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi, an ga tsiro ɗaya da suna uku, an ga suna ɗaya a kan tsirrai biyu. A Damagum, inda Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bakarkare da Ngizim ke cin kasuwa ɗaya, abin ya fi haka yawa. Kada a ci ganye don an ji sunansa a bakin wani. A kai shi da karansa da furensa gaban wadda ta saba cinsa, a ce, "Iya, wannan ne kuke ci?" Manhajojin waya masu gane tsiro daga hoto suna yawan kuskure a kan tsirran ƙasarmu, ba a dogara da su a kan abin da za a haɗiya.

Furannin da ake kallo a wuce

Mafi kyawun furannin gefen hanya kusan duk ba na ci ba ne. Duman rafi yana shimfiɗe a bakin kwalbati da furanni shunayya masu buɗewa da safe, dabba mai ƙoshi ba ta taɓa shi, wadda yunwa ta sa ta ci kuwa sai ta kama karkarwa da tangaɗi. Tumfafiya kowa ya san ta, abin da ba kowa ya sani ba shi ne farin ruwanta in ya shiga ido yana iya dushe gani na kwanaki. A wanke idon da ruwa mai yawa nan take, a je a duba shi. Gautan kura yana da fure shuɗi-shuɗi da 'ya'ya rawaya masu jan hankalin yara, shi ma ba na ci ba ne. Bado yana buɗe farin furensa a tabkuna, ana cin 'ya'yansa da saiwarsa, sai dai ruwan da yake ciki shi ne gidan tsargiya, yaron da ya shiga cirowa yana iya dawowa da fitsarin jini bayan makonni.

Zaƙami ya fi su duka haɗari ga mai tsinkar ganye. Babba ba ya ɓoyuwa, da dogon farin furensa da 'ya'yansa masu ƙaya. Ƙaraminsa ne ke tsirowa a tsakiyar alayyafon daji a kan juji ko masheƙari, hannu mai gaggawa ya haɗa da shi. Dafuwa ba ta kashe gubarsa. Wanda ya ci, bakinsa zai bushe, jikinsa ya yi zafi, ƙwayar idonsa ta buɗe, ya shiga sambatu yana kama abin da babu. Shi ya sa in an dawo gida ake zazzage ƙwarya a kan faifai a bi ganyen ɗaya bayan ɗaya, duk wanda bai yi kama da 'yan'uwansa ba a jefar.

Wuta-wuta kuma, wadda ake ce wa ƙuduji, in ta rufe gonar gero ko dawa da furenta ruwan hoda abin sha'awa ce ga baƙo, ga manomi kuwa hasara ce, don saiwar hatsin take tsotsa. Gindi ɗaya yana zubar da iri dubbai, irin kuma ya fi shekara goma a ƙasa yana jira. A tuge ta tana fara fure, a tara waje ɗaya a ƙone.

Naman kaza

Cikin marka, kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai nauyi, naman kaza kan ɓullo a gindin suri, a kan tsohon kashin shanu, a jikin ruɓaɓɓen kututture, ko a fili cikin ciyawa. Wasu na ce masa laimar kwaɗi. Yawancin gidajen Hausawa ba sa cinsa, alhali a wajen Tibi da Nufawa da Gwari da mutanen kudu abinci ne mai daraja da ake kai wa kasuwa. Wannan bambanci yana da muhimmanci. Su suna da tsofaffin da suka gaji sanin wanne ake ci, mu a nan masu wannan sani ba su da yawa. Ra'ayina a fili yake: wanda bai sami irin wannan mutum ya kai shi daji ya nuna masa da hannu ba, damina bayan damina, kada ya ci naman kazan daji. Bayanin da zan yi na gane abin da ake gani ne, bai isa ya zama izinin ci ba.

Wanda ya fi suna a Afirka shi ne na suri, masana na kiransa Termitomyces. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta, tana tauna ciyawa da itace ta tara, shi kuma ya ruɓar mata da su ta ci. Da ruwa ya jiƙa ƙasa sai ya huda ya fito. A tsakiyar hularsa akwai ɗan tsini mai tauri wanda da shi ya huda ƙasar, kuma in aka haƙa za a ga ƙafarsa ta zarce ƙasa da doguwar jijiya mai sirancewa har zuwa ɗakin garar. A Zambiya akwai irinsa da faɗin hularsa ke kusan kai mita guda. Amma tsirowa kusa da suri kaɗai ba hujja ba ce, wani iri na daban yana iya fitowa a wurin.

Wanda ya fi kwantar da mutane a ƙasashe masu zafi fari ne babba, kyakkyawa, mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa a saman hula da zobe a ƙafa, yana fitowa rukuni-rukuni a fili mai ciyawa, wani lokaci a da'ira. Yana ƙarami, siraran layukan da ke ƙarƙashin hularsa farare ne, in ya manyanta su koma kore-kore mai toka. Cikin awa ɗaya zuwa uku da cinsa amai da gudawa mai tsanani ke farawa. Akwai kuma dangin da ake kira Amanita, wanda a cikinsa ake samun masu kashe mutum ta hanyar lalata hanta. Alamarsu wata 'yar jaka ce a gindin ƙafa, a ɓoye cikin ƙasa. Wanda ya yanke daga sama da wuƙa ba zai gan ta ba, shi ya sa mai son ganewa yake haƙo shi gaba ɗaya da tsinken itace.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi ko malamin makaranta zai iya yi. A yanke hular, a kifa ta a kan takarda, rabinta a kan fara rabinta a kan baƙa, a rufe da kwano a bar ta ta kwana. Da safe a ɗaga a hankali, za a ga garin irinsa ya zuba ya zana layukan. Na suri garinsa ruwan hoda ne mai haske, na filin nan mai sa amai kore ne, na Amanita fari. A wanke hannu bayan an gama, a ƙone takardar, kada a yi a inda yara ko kaji za su kai.

Maganganun da ake yaɗawa a kai a watsar da su. Wai in tsutsa ko akuya ta ci to mutum ma zai iya ci, wai mai guba yana baƙanta cokali ko albasa, wai dogon dafuwa ko shanya na kashe gubar. Ko ɗaya ba gaskiya ba ne. Gubar da ke lalata hanta ba ta jin wuta, ba ta da ɗaci, ba ta da wari.

In an riga an ci, a lura da lokaci. Wanda amai ya kama cikin awa uku yana buƙatar ruwan gishiri da sukari da kuma ganin likita, don rashin ruwa a jiki na iya kashe yaro ko tsoho. Wanda kuwa ya yi awa 6 zuwa 24 lafiya lau sannan amai da gudawa suka fara, nasa ya fi muni. Irin wannan yakan ji sauƙi a rana ta biyu har a ce ya warke, sai a rana ta uku ko ta huɗu ido ya yi rawaya, hanta ta riga ta taɓu. Kada a jira, kada a tsaya ɗura manja ko madara, ba sa karya guba. A kai shi babban asibitin Damagum, ko a wuce Potiskum ko Damaturu, tare da duk wanda ya sa hannu a kwanon ko da bai ji komai ba, a kuma tafi da ragowar abin da aka ci ko hotonsa a waya. Wannan ƙa'ida ɗaya ce da ta wanda ya ci zaƙami ko 'ya'yan rai-ɗore.

Shanya da ajiya

Matsalar shanya ita ce ganyen ya fi taushi a Agusta, lokacin da iska ke da laima kuma rana ba ta da tabbas. A wanke, a tsane a kwando, a baza a tabarma shimfiɗa ɗaya marar kauri, a ƙarƙashin rumfa ko a zaure mai shan iska, a kan gado ko benci inda kaji da awaki ba za su hau ba. Inuwa ta fi rana. Ganyen da ya bushe a inuwa yana riƙe korensa da yawancin sinadarin bitamin A, wanda aka gasa a rana kuwa yakan koɗe ya yi ruwan ƙasa. A riƙa juyawa safe da yamma, a shigar da shi ɗaki kafin magariba saboda raɓa. Tafasa da gasaya sun fi kyau in an ɗan tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu ko uku an matse kafin a baza. Karkashi da lalo ba a yi musu haka, ruwan zafi zai fitar da yauƙin tun kafin a kai ga miya.

Ya bushe in an damƙa ya yi ƙaras ya farfashe. In ya lanƙwashe bai karye ba, da saura. Duk wanda ya yi furfura ko warin ruma a zubar, ba a gyara shi. A ajiye a tulu ko bokiti mai murfi, a ɗora a kan wani abu kada ya taɓa ƙasa. Ganye sukutum ya fi gari daɗewa, don haka a daka na mako biyu kawai, a tankaɗe da rariya, a bar sauran yadda yake.

A kowane wurin tsinka a bar gindi biyu ko uku mafiya ƙarfi su yi fure su yi 'ya'ya. Cikin Oktoba, in kwanson karkashi da lalo da gasaya ya bushe ya fara tsagewa, a karyo shi da safe kafin rana ta fasa shi, a murje a faifai, a sheƙe. A gauraya irin da tokar murhu mai sanyi, a zuba a kwalba a toshe, a rubuta sunan a jiki. Da ruwan shuka ya sauka a watsa shi a bayan ɗaki ko gefen darni, a ja ƙasa kaɗan a kai da tsintsiya, don irin ƙanana ne, in aka binne su da zurfi ba sa fitowa.